GIYAR HANNU TA KOMA KAYAN ADO A TURAI: INA MAKOMAR YARANMU NA GAREJI?



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisunmu da garejojinmu, kuma lokaci ya yi da za a tanka mata. Maganar ita ce wai mota mai giyar hannu, wato manuwal, da inji marar turbo ba za su taɓa mutuwa ba. Wai duk waɗannan sababbin motoci masu kwamfuta yayi ne, za su wuce kamar yadda kowane yayi ke wucewa. Idan ka yi musu, sai wani ya zaro waya ya nuna maka bidiyon wani Bature a cikin Porsche yana canza giya da hannu, inji na kuka, ya ce maka: "Ka gani ko? Su ma masu ƙera abin sun dawo hanya." A kwashe da dariya, a ci gaba da shan shayi.

Da a ce musun ya tsaya a teburin mai shayi, da ba mu ɓata muku lokaci ba. Amma wannan magana ce ke sa maigidan gareji ya ƙi sayen na'urar gwajin mota. Ita ke sa ya yi wa yaronsa tsawa idan ya ce a duba abin da kamfani ya rubuta. Ita ke sa uba ya cire ɗansa daga ƙaramar sakandare ya kai shi gareji, da tunanin cewa sifana da ƙarfin damtse sun ishe shi cin abinci har tsufa. Shi ya sa muke cewa wannan magana yaudarar kai ce, kuma 'ya'yanmu ne za su biya kuɗinta.

MU FARA BA SU GASKIYARSU

Babu mai hankalin da zai raina tsohon inji a ƙasar nan. Kowane injin fetur sai da iska yake ƙona mai. Kilo ɗaya na fetur yana buƙatar kusan kilo 15 na iska kafin ya ƙone yadda ya kamata. Tsohon inji da kansa yake shaƙar iskarsa: fistin ya sauka, iska ta biyo shi, kamar yadda huhun mutum ke yi. Babu wani abu a tsakani da zai lalace. Shi kuwa turbo wata 'yar fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta dinga ɗura wa inji iska da ƙarfi, tamkar zugazugin maƙeri. Da haka ƙaramin inji ke yin aikin babba.

Giyar hannu ma ba ta da ɓoye-ɓoye. Haƙoran ƙarfe ne a cikin mai, sai farantin kuloci da ke cinyewa a hankali, wanda kowane bakanike a Gombe zai canza maka shi a wuni guda. Batir ya mutu a dajin da ke tsakanin Dukku da Darazo? Fasinjoji su sauko su tura, direba ya saka giya ta biyu ya saki kuloci, mota ta tashi. An zo gangare da lodi? Direba ya riƙe ta da giya, ba sai ya ƙone birki ba.

Da irin waɗannan motoci aka raini Arewa. Tun da masana'antar Peugeot ta fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975, Fijo 504 ta zama motar manyan ma'aikata, ta zama motar haya, ta zama motar kai amarya. J5 ta ɗauki tumatir da hatsi, daga baya Golf da Sharon suka cika tashoshinmu. Mutane da yawa a unguwar nan da kuɗin waɗannan motoci aka biya musu makaranta, aka yi musu aure. Da tsohuwar zuma ake magani, mun yarda. Sai dai zumar da ke cikin tulu ƙarewa take yi idan an daina kafa amya.

ABIN DA YA FARU A INDA AKE ƘERA SU

Tunda da motocin gudu na masu kuɗi ake kafa mana hujja, to mu duba su ɗin. A nan ne ma ya kamata giyar hannu ta fi daɗewa, domin mai sayen irin wannan mota daɗin tuƙi da kukan inji yake saya, ba lodi zai yi da ita ba.

Ferrari ta Italiya ta daina sayar da mota mai giyar hannu tun wajen 2012, kuma a 2015 ta maye gurbin 458, mai inji marar turbo, da 488 mai turbo biyu. Lamborghini ta yi sallama da giyar hannu lokacin da ta rufe ƙirar Gallardo a 2013. A 2015 Porsche ta saka turbo a gama-garin 911 ɗinta, wato Carrera, bayan wajen shekara 50 tana shaƙar iska da kanta. Corvette ta Amurka da ta fito a 2020 babu zaɓin manuwal a cikinta ko kaɗan. Golf GTI, jikar Golf ɗin nan da ke lodi a tashar Dukku, ita ma ta ajiye giyar hannu a 2024.

Dalili biyu ne suka kawo haka. Na farko doka. Ƙasashen Turai da Amurka da Sin sun ƙayyade yawan hayaƙi da shan man motocin kowane kamfani, suka tanadi hukunci ga wanda ya haura. Ƙaramin inji mai turbo da giyar da kwamfuta ke sarrafawa sun fi sauƙin cin wannan jarrabawa. Na biyu kasuwa. Sabuwar giya mai kuloci biyu tana sauya giya kafin ƙiftawar ido, ta fi hannun kowane gwani sauri, masu saye kuma suka koma gare ta. Kamfani ba zai zuba maƙudan kuɗi ya ƙera abin da 'yan tsiraru kaɗai za su saya ba, sai in zai tsawwala musu farashi.

To, ina Porsche ɗin da ke cikin bidiyo? Tana nan. Sunanta 911 GT3, injinta lita 4 ne marar turbo, yana juyawa har sau 9,000 a minti ɗaya. A 2013 kamfanin ya cire mata giyar hannu, masu saye suka yi masa ca, a 2017 ya dawo da ita. Labarin gaskiya ne. Abin da mai nuna bidiyon ba ya faɗa shi ne kuɗin sabuwarta a Amurka ya haura dala 200,000. Akwai kuma T.50 da Gordon Murray ya ƙera a Ingila, mai silinda 12 da giyar hannu, guda 100 kacal, kowacce sama da fam miliyan 2. Masu ɗan sauƙin kuɗi irin su Mazda MX-5 da Toyota GR86 suna nan, amma ta farkon kujera biyu gare ta, ta biyun kuwa kujerun bayanta ko yaro da ƙyar zai miƙe ƙafa, ga su kuma cikinsu na kusa da taɓa ƙasa. Wa zai yi lodin Gombe zuwa Yola da su?

Ku tuna da doki. Doki bai ɓace ba. Ranar hawan sallah ka je ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Gombe ka ga dawakai sun sha ado, sun yi ƙiba, gwanin sha'awa. Amma babu uban da zai ce tunda sarakai da hakimai na hawan doki, bari ya koya wa ɗansa fatauci a kan dabba zuwa Kano. Abin da ya sami doki shi ke samun giyar hannu da inji marar turbo a Turai: sun tashi daga kayan aiki sun koma kayan ado. Mai nuna mana GT3 yana cewa manuwal ta dawo, hawan sallah yake nuna mana yana cewa ayari ya dawo.

MU GĀDO MUKE CI

Wani zai ce ina ruwanmu da abin da Bature ya hau? Ruwanmu ne tsundum. Kusan duk motar da ke yawo a titunan Gombe wani ne ya fara hawanta a wata ƙasa, ya gaji da ita, ta biyo jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano, mu kuma muka raɗa mata suna Beljiyam. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, motocin da suka dace da mu su ne masu sitiyari a hagu, wato na Amurka da Kanada da yawancin Turai. Abin da suka saya sabo yau, shi za mu saya nan da shekara 10 ko 15.

A Amurka, sababbin motocin da ake sayarwa da giyar hannu ba su kai biyu cikin ɗari ba. A Turai, inda manuwal ta fi ƙarfi, kasonta sai raguwa yake yi shekara bayan shekara. A 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar cewa daga 2035 sabuwar ƙaramar mota ba za ta fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya ba. Suna ta ja-in-ja a kan sassauta dokar, amma a cikinsu babu mai cewa a koma zamanin kafireto.

Yanzu ku dubi abin da ke hannunmu. An daina ƙera Golf 3 kafin shekarar 2000. Autarsu ta haura shekara 25, ta girmi yaron motar da ke kiran fasinja a kanta, wani lokaci har direban. J5 an rufe ƙirarta tun wajen 1994. Sharon, wadda kamfaninta ke rubutawa Sharan, an daina ƙera ta gaba ɗaya a 2022. Injin Beljiyam da muke saye mu dasa idan namu ya buga, daga jikin motocin da ake yankawa a can yake fitowa. Ranar da suka gama yankawa, shi ke nan.

Me ke zuwa a madadinsu? Ya ma riga ya iso. Corolla ta Amurka daga 2014 mafi yawanta giyar CVT ce, wadda bel na ƙarfe ke gudana a cikinta tsakanin wasu faifai masu matsewa da buɗewa. Accord daga 2018 babu mai silinda shida, sai ƙananan injuna masu turbo ko mai haɗa fetur da batir. Sienna, wadda ke ɗibar fasinja zuwa Abuja, daga ƙirar 2021 duk mai haɗa fetur da batir ce. Camry ta Amurka ta bi sahu daga ƙirar 2025. Waɗannan su ne Beljiyam ɗin gobe, wasunsu ma ga su nan a wuraren dillalai an rubuta musu farashi.

IDAN SABUWAR MOTA TA HAƊU DA TSOHUWAR AL'ADA

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Akwai wasu al'adun gyara da tsofaffin motoci suka daure musu shekara da shekaru, har muka ɗauka ilimi ne. Mota ta fara zafi, a cire tamostat a yar, a haɗa fanka kai-tsaye. Wutar gargaɗi ta kama a gaban direba, a cire ƙwan ko a liƙe shi da baƙin salatif. A fasa tukunyar salansa a kwashe abin nan da ake kira indomi. A zuba kowane baƙin mai in dai yana da kauri. Lagireto kuwa ruwan rijiya ya ishe shi. Tsohon inji yakan haɗiye yawancin wannan ya yi shiru, domin an ƙera shi da rara.

Sabon inji ba ya yafiya. Turbo yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, a cikin zafin hayaƙi, kuma ɗan siririn baƙin mai ne kawai ke raba ƙarfe da ƙarfe a cikinsa. Injin da aka rubuta masa mai marar kauri, 0W-20, idan ka ɗura masa 20W-50 na tsohuwar Fijo, man ba zai isa lungunan da ya kamata da wuri ba. Giyar CVT tana da nata man na musamman. A zuba mata man otomatik na gama-gari, bel ya fara zamewa, ba da daɗewa ba ta gama yawo. Injunan da ke fesa mai kai-tsaye cikin silinda suna aiki da matsin da ya ninka na tsohuwar injekta sau 30 ko fiye, don haka ɗan datti ko ruwa daga galan ɗin 'yan bumburutu ya isa ya kashe famfon. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, masu motoci a Legas da Abuja suka dinga kokawa. Tamostat ɗin da aka yar kuwa, rashinsa na sa kwamfutar mota ta ga inji bai yi ɗumi ba, sai ta dinga ƙara masa mai. Mai mota yana ta kukan shan mai, bai san a gareji aka saya masa shi ba.

Daga nan sai gyaran canki-canka. "Mu canza fulogi mu gani." Bai yi ba. "Mu canza famfon mai mu gani." Bai yi ba. "To ƙwaƙwalwar ce." Mai mota ya sayi kaya uku ko huɗu, alhali matsalar wata 'yar sensa ce ko wayar da ɓera ya ci. A ƙarshe a ɗora motar a kan wata a kai ta Kano ko Jos ko Abuja, kuɗin da ya kamata ya kwana a Gombe ya tafi. Sannan a dawo majalisa a ce ai motocin zamani ba su da ƙwari. An ɗura wa majinyaci maganin da ba nasa ba, an koma ana cewa shi ne mai raki.

Abin takaicin shi ne tun 1996 kowace ƙaramar mota da aka sayar a Amurka tana da wani soket mai ramuka 16 a wajen sitiyari, Turai ma ta bi a 2001 ga motocin fetur. Ka jona na'ura, mota ta ba ka lambar da za ta nuna maka inda za ka fara bincike. Kusan shekara 30 ke nan mota na magana, mu ne muka ƙi koyon yarenta. Ba mu ce duk kanikawa haka suke ba. A garin nan akwai matasa da dattawa da suka sayi na'ura suka zauna suka koya, kuma kowa na ganin layin motocin da ke ƙofar garejinsu. Su ne hujjarmu.

YARON DA AKA KAI GAREJI BANA

A nan ne zancen ya fi zafi. Yaron da aka kai gareji bana yana ɗan shekara 13 zai yi shekara shida ko bakwai yana wanke ƙarafa da miƙa sifana kafin a yaye shi. Ya buɗe nasa wurin yana ɗan 20, kuma da wannan sana'a ake sa ran zai riƙe gida har ya kai 60. Ku lissafa: aiki ne har wajen 2070. Wace Golf 3 ce za ta kai 2070? Idan duk abin da ya iya shi ne wanke kafireto, canza farantin kuloci da sauke inji, to mun ba shi jarin ƙanƙara a watan Afrilu.

Mun ga irin wannan da idonmu. Ina masu buga tafireta a bakin kotu da sakatariya? Ina masu gyaran kaset, ina masu wanke fim ɗin hoto? Da wayar salula ta shigo a 2001, waɗanda suka yi maza suka koyi gyaranta su ne yau ke da shaguna da yara. A gareji ma an taɓa yi. Da injekta ta fara maye gurbin kafireto, akwai waɗanda suka rantse ba za su taɓa ta ba, wasu har cire ta suke yi su dasa kafireto. Yau duk wanda bai iya injekta ba, sai dai ya zauna a inuwa yana kallon motoci na wucewa zuwa garejin maƙwabcinsa.

Mu iyaye ma muna da kaso babba. An mayar da gareji wurin kai yaron da aka ce ba ya ja a makaranta. Alhali bakaniken gobe sai ya iya karatu daidai gwargwado, ya gane zanen wayoyi, ya auna wuta da mita, ya nemo bayani a intanet ya fahimce shi. Wanda ya cire ɗansa daga aji don ya koyi gyaran mota, ya ɗaure masa hannu ɗaya ne kafin ya tura shi filin dambe.

AMSA GA MASU JA

Suna cewa ai tsofaffin motocin za su daɗe. Za su daɗe, shekara 10, watakila 20. Amma kullum raguwa suke yi, yaran da ake yayewa kuma ƙaruwa suke yi. Idan kanikawa goma suka taru a kan Golf ɗaya, kowa ya san inda kuɗin aiki zai nufa.

Suna cewa na'urar tsada gare ta. Babbar tana da tsada, gaskiya ne. Amma ƙaramar da ake haɗawa da waya ba ta kai kuɗin wayar da ake nuna mana bidiyon Porsche da ita ba. Babbar kuma garejoji biyar za su iya yin adashi su saya su ajiye a wuri guda. Mun iya adashin biki da na sallah, na kayan sana'a ne zai gagare mu?

Suna cewa ina wutar da za a yi cajin motar lantarki? Tambaya ce mai kyau, mu ma mun san halin wuta a Kagarawal. Amma mota mai haɗa fetur da batir irin Sienna da Camry ɗin da muka ambata ba ta neman caji. Da kanta take cika batirinta idan tana tafiya da lokacin da aka taka birki. Toyota Prius tun 1997 take kasuwa da wannan tsari. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kowane direba ya koma lissafin lita. Motar da ke rage shan mai za ta sami masoya, ko mun so ko mun ƙi. Nan kusa da mu a Maiduguri, Mustapha Gajibo ya mayar da ƙananan bas masu aiki da lantarki, gwamnatin Borno ma ta saka motocin haya masu lantarki a titi. Gwamnatin tarayya kuma tana ta kiran a mayar da motoci masu aiki da gas na CNG. Duk waɗannan hannu suke nema.

Kuma maganar ta wuce kuɗi. Batirin irin waɗannan motoci ya haura bolt 200, shi ya sa ake yi wa wayoyinsa launin ruwan lemo don gargaɗi. Yaron da ya saba cafkar waya da hannu ya goga ta a jikin ƙarfe don ya ga tartsatsi, ranar da ya yi wa irin wannan waya haka, ransa ne a kan gaba. Wa zai ɗauki alhakin, in ba wanda ya ce masa duk mota mota ce ba?

KADA KUMA A ZARCE

Muna da magana da ɗaya ɓangaren ma, wato samarinmu masu raina manuwal suna ce mata motar 'yan haya. Wanda ya koyi tuƙi a otomatik kaɗai rabin direba ne a ƙasar nan. Yawancin tirelolin da ke ɗauko siminti daga Ashaka, tifofin yashi, taraktocin noma da bas-bas na haya, har gobe da ƙafar hagu da hannun dama ake tuƙa su. Duk mai neman aikin tuƙi na albashi ya fara da manuwal. Wanda ke da lafiyayyar tsohuwar mota ya riƙe ta ya kula da ita. Mai ƙaramin ƙarfi da zai sayi mota a yau, inji marar turbo har yanzu shi ya fi masa kwanciyar hankali a hanyoyinmu da irin man da muke samu. Sai dai hawa daban, koyar da sana'a daban. Mota shekara 10 za ka yi da ita ka sayar. Sana'a shekara 40 yaro zai yi da ita, kuma ba ta da dillali.

ABIN DA MUKE KIRA A YI

Iyaye, gareji da makaranta ba kishiyoyi ba ne. Yaro ya je aji da safe, ya je gareji da yamma da ranakun hutu, har ya gama sakandare. Kafin ka miƙa ɗanka ga maigida, ka tambaya ko ana gwada mota da na'ura a wurin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Iyayenmu masu gareji, girmanku ne. Kunnen da ke jin ciwon inji daga sautinsa babu na'urar da za ta maye shi, kuma yaron da ya haɗa wannan kunne da karatun na'ura shi ne cikakken bakanike. Idan yaronka ya fi ka sanin waya, ka zaunar da shi kusa da kai ku haɗa ilimi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Shugabannin ƙungiyar kanikawa ta NATA a jiha, ku ƙwanƙwasa ƙofar hukumar NADDC da asusun horas da ma'aikata na ITF, ku nemo wa mambobinku horo. Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha da ke nan Gombe, kwalejojin kimiyya da fasaha na gwamnati, da kwalejin fasaha ta jiha da ke Bajoga, muna roƙon ku buɗe darussan yamma ko na ƙarshen mako ga yaran gareji, a koyar da Hausa, kuma kada a ce sai mai takardar sakandare.

Masu hali na unguwa, na'urar gwaji guda da mitar auna wuta a hannun yaron da aka yaye sun fi masa kyautar kuɗin da zai ƙare a mako. Masu motoci kuma, ku daina cewa a kashe muku wutar gargaɗi. Ku nemi a gaya muku abin da ya kunna ta, ku sayi man da aka rubuta wa injinku.

A namu ɓangaren, za mu gabatar wa zaman ƙungiya na gaba shawarar a ƙidaya yaran Kagarawal da ke garejoji, a san nawa ne suka bar makaranta, a ga yadda za a mayar da su aji ba tare da sun bar sana'a ba. Duk mai gareji ko malamin fasaha da ke shirye ya ba da lokacinsa, ya yi mana magana.

Kada wani ya ce wannan ilimi ya fi ƙarfin ɗan Arewa. Jelani Aliyu ɗan asalin Sakkwato ne, ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Amurka, shi ya zana siffar Chevrolet Volt mai aiki da batir da fetur a kamfanin General Motors, ya dawo ya shugabanci NADDC daga 2017 zuwa 2023. Idan namu zai iya zana ta, namu zai iya gyara ta.

Masu kuɗin Turai za su ci gaba da hawan dokinsu na ƙarfe ranar hutu, su saka bidiyo mu kalla. Babu laifi a kalla. Laifin shi ne a ɗauki bidiyon a matsayin taswirar rayuwar yaro. Zamani riga ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya shirya mana zuri'a, ya tsare direbobinmu a hanya. Masu ra'ayi daban, musamman iyayenmu kanikawa, ƙofa a buɗe take, muna sauraron hujjarku.

Sakataren Ƙungiya,
a madadin shugabanni,
Kagarawal, Gombe.